Daga Toronto zuwa Kura: wace hanya yarinya za ta bi ta kai filin ƙwallo?

Ranar Juma'a 21 ga Yuli 2023, wajen ƙarfe uku da rabi na dare agogon Najeriya, aka take wasan gasar cin kofin duniya tsakanin Super Falcons da 'yan matan Kanada a birnin Melbourne na Ostireliya. An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan alƙaliyar wasa ta ba Kanada fenariti. Christine Sinclair ce ta ɗauki ƙwallon ta ajiye. Shekarunta 40, kuma ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, adadin da babu namiji ko macen da ya taɓa ci wa wata ƙasa. Da ta ci wannan, da ta zama ta farko da ta zura ƙwallo a gasar cin kofin duniya shida. Ta buga ta ƙasa, Chiamaka Nnadozie ta faɗa ta ture, ta sake miƙa hannu ta kawar da ita kafin wata ta iso. Aka tashi babu ci. Kanada, wadda ta ɗauki zinare a wasannin Olamfik na Tokyo shekara biyu kafin nan, ba ta tsallake rukuni ba. Najeriya ta tsallake, sai a bugun fenariti Ingila ta fitar da ita.

Ƙasashen biyu sun daɗe da sanin juna a wannan fage. Sun yi 3-3 a gasar duniya ta 1995, Najeriya ta ci 1-0 a Jamus a 2011 da ƙwallon Perpetua Nkwocha, kuma a Kanada ne Asisat Oshoala ta fara suna, a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2014, inda ta ci ƙwallo 7 ta kai Najeriya wasan ƙarshe. Abin da ya sa labarin Kanada ya cancanci mai karatu a Kano ya tsaya a kansa shi ne yadda ƙasar ta yi shekaru tana haifar gwanaye alhali ba ta da inda za ta ajiye su.

Har zuwa 2024 Kanada ba ta da lig ɗin mata na ƙwararru. Yarinyar da ta iya taka leda a Vancouver ko Toronto, hanyarta guda ce: ta samu gurbin karatu a jami'ar Amurka, inda wata dokar 1972 ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata damar wasanni kamar yadda suke ba maza. Sinclair ta bi ta Jami'ar Portland, ta kuma ƙare rayuwar wasanta a ƙungiyar Portland Thorns. Kadeisha Buchanan da Ashley Lawrence sun bi ta Jami'ar West Virginia, suka wuce Faransa, ɗaya Lyon ɗaya Paris Saint-Germain, daga baya suka haɗu a Chelsea. Jessie Fleming ma Chelsea ta fara. Olivia Smith kuwa, a Yulin 2025 Arsenal ta saye ta daga Liverpool a kan fam miliyan 1, mace ta farko da aka biya wannan kuɗi a kanta. Waɗannan su ne aka ji sunansu. Sauran ɗaruruwan da suka gama jami'a suna da shekara 22, ba su kai a kira su Turai ba amma ba su gaza ba, sai su rataye takalmi su nemi wani aiki.

Diana Matheson, wadda ta ci wa Kanada ƙwallon da ya ba ta tagulla a kan Faransa a Olamfik na Landan a 2012, ita ce ta ƙi yarda a ci gaba a haka. Bayan ta yi ritaya a 2021 ta shiga neman masu zuba jari, ta sanar da shirin a ƙarshen 2022, kuma a ranar 16 ga Afrilu 2025 aka buga wasan farko na Northern Super League a Vancouver. Da ƙungiyoyi shida kacal aka fara: Vancouver, Calgary, Toronto, Ottawa, Montreal da Halifax. Amma an ƙayyade cewa babu 'yar wasan da za a biya ƙasa da dalar Kanada 50,000 a shekara. Wannan ƙa'ida ta fi yawan ƙungiyoyin muhimmanci a ganina, domin ita ce ke ba uwa da uba amsa idan suka tambayi 'yarsu da me za ta ci abinci.

Najeriya ta ci moriyar wannan lig tun a shekararsa ta farko. Esther Okoronkwo, 'yar wasan gaban AFC Toronto, ita ce ta juya wasan ƙarshe na kofin Afirka a Rabat ranar 26 ga Yuli 2025. Maroko na gaba da ci 2-0 aka tafi hutu. Okoronkwo ta farke ɗaya da fenariti, ta ba Folashade Ijamilusi ta biyu, ta ɗaga bugun tazarar da Jennifer Echegini ta ci ta uku saura minti biyu a tashi. Kofi na goma ke nan. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa.

To, a dubi jerin sunayen waɗanda suka ɗauko kofin, a ga nawa ne suka fito daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato. Kocin, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Ibrahim Musa Gusau, ɗan Zamfara ne. A cikin fili kuwa, cikin sunayen da ke kusa da mu akwai Halimatu Ayinde, wadda ta tashi a Kaduna ta kai har ƙungiyar Rosengård ta Siwidin. Manyan ƙungiyoyin lig ɗin mata na Najeriya, irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Delta Queens da Edo Queens, duk na kudu ne. Nasarawa Amazons ta Lafiya ta taɓa ɗaukar kofin, akwai kuma Adamawa Queens a Yola. Kano, jihar da Pillars ta ɗauki kofin lig na maza sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, jihar da ake cika filin Sani Abacha tun kafin la'asar, ba a jin ɗuriyarta a wannan ɓangare.

Wanda ya ce 'yan matanmu ba su da ƙarfin jiki, ya bi hanyar Zariya da rani ya tsaya a Kura. Tun sanyin asuba zai ga mata da 'yan mata sun nufi gonaki a Kadawa da ƙauyukan Bunkure da Garun Malam. A gonar tumatir yarinya takan wuni a sunkuye tana tsinka, ta cika bokiti ta kai wa mai shirya kwando, ta dawo, har a loda kaya a nufi Kwanar Gafan. Lokacin dashen shinkafa ƙafarta na cikin taɓo har ƙauri. A cikin gari kuma akwai masu turara shinkafa: a jiƙa, a ɗora tukunya ko rabin duro a wuta, a kwashe da zafinta, a baza a shanya, a riƙa juyawa da ƙafa ko da katako har ta bushe, a ɗura a buhu a kai inji. Da yamma idan samari suka kafa duwatsu a filin firamare suka raba ƙungiya, ita tana wucewa ta gefen filin da tallanta a ka. Da wuya ka ga wani ya yi tunanin cewa filin nan nata ne ita ma.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin bambancin samuwar abu da isowarsa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, amma ruwan da ke kwance a Tiga bai shayar da ko kunya ɗaya ba sai da aka ja babban kanal ta Ruwan Kanya, aka rarraba shi zuwa ƙanana, aka sa ƙofofi, aka ba hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kula da su. Inda kanal ya toshe da ciyawa, manomin da ke ƙarshen layi yakan yi asara ko da dam ya cika ya batse. Haka baiwar ƙwallo take. Kanada ta yi shekaru da babban kanal guda mai zuba a ƙasashen waje, sai a 2025 ta haƙa nata. Yarinyar Kura kuwa ko ƙaramin da zai kai ta gasar makarantu bai iso ƙofar gidansu ba.

Za a ce ai mai aikin gona ba ta buƙatar motsa jiki. Gaskiya ne tana ƙona ƙarfi, amma wuni a sunkuye da ɗaukar kaya a ka baya da wuya suke gajiyarwa, ba sa yi wa zuciya da huhu abin da gudu ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, kuma binciken da ta jagoranta a 2019 ya gano cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa samun hakan, maza kuwa kashi 78. A shekarun balaga ne ƙashi ke tara mafi yawan ƙwarinsa, gudu da tsalle kuma na cikin abin da ke gina shi. Yarinyar da za ta ɗauki ciki ta yi goyo nan da 'yan shekaru ta fi kowa buƙatar wannan, ko da ba za ta taɓa sa rigar Falcons ba.

Damuwar iyaye ba abin rainawa ba ce, kuma duk wanda ya zo da shirin ƙwallon mata yana kallon iyaye a matsayin cikas ya riga ya faɗi. Uba na tambayar wace irin sutura za ta sa, wa zai tsaya yana kallonta, wa zai horar da ita, da wa za ta yi tafiya idan wasa ya kai su wani gari. Irin wannan damuwa ce ta sa Zamfara ta hana ƙwallon mata a 2000. Sai dai tambayar sutura an riga an amsa ta, kuma a Kanada aka fara rigimar. A Fabrairun 2007 wani alƙalin wasa a Laval, lardin Quebec, ya fitar da wata yarinya Musulma 'yar shekara 11 daga fili saboda hijabinta. Ƙungiyarta ta janye daga gasar, wasu ƙungiyoyin ma suka bi ta. Masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka goyi bayan hanin. A 2011 aka hana matan Iran buga wasan neman gurbin Olamfik da Jodan saboda lulluɓi. Bayan matsin lamba aka fara gwaji a 2012, aka halatta rufe kai gaba ɗaya a 2014. A gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabi da dogon wando. Saudiyya ta buɗe babban lig ɗin mata a 2022, kuma Ashleigh Plumptre ta Falcons ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023. Malamanmu kuma sun san hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na tseren da Nana A'isha ta yi da Manzon Allah (SAW). Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma ya kamata a kai musu tambayar yadda take: 'yan mata zalla, cikin katangar makarantarsu, da cikakkiyar sutura, malama mace na horar da su, iyaye mata na kallo.

Kada kuma a yaudari kowa da dala 100,000. Harkar na da ɗaci ko a sama. A Fabrairun 2023 'yan wasan Kanada, da zinarensu a wuya, sun yi yunƙurin yajin aiki saboda an zaftare musu kasafi, aka tilasta musu komawa fili. Falcons sun yi zaman dirshan a otal a Abuja a 2016 bayan sun ɗauko kofi daga Kamaru, suka sake yi a Faransa a 2019, suka ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022, duk a kan haƙƙinsu da aka riƙe. Cikin 'yan mata dubu da za su fara buga ƙwallo, wataƙila ɗaya ce za ta ci abinci da ita. Shi ya sa nake ganin makaranta ce kaɗai wurin da ya dace a fara. Abin da ya tsare 'yan Kanada ke nan tun kafin su samu lig: wadda ƙwallo ba ta karɓe ta ba ta fita da digiri. Yarinyar da aka cire daga aji aka kai ta wata "akadami" a Legas ko Abuja hannun wanda iyayenta ba su sani ba, an jefa ta cikin haɗari ne, kuma uban da ya ƙi yana da gaskiya.

Abin da ake buƙata a Kura da Bunkure da Garun Malam bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Makarantun sakandaren 'yan mata na nan, da yawansu da katanga da fili. Kwalejojin ilimi na Kano na yaye ɗalibai a fannin motsa jiki da lafiya, cikinsu har da mata, sai dai a ɗauke su a tura su inda ake buƙata. Ƙwallo da raga da riguna masu dogon hannu, telan gari zai ɗinka rigunan. Abin da zai fi wuya shi ne lokaci. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da sanyi ya fi daɗin gudu, shi ne kuma lokacin da tumatir ke nuna, kuma yarinyar da ta bar tsinka ta tafi atisaye ta rasa kuɗin yinin da gidansu ke jira. Da yamma kuma akwai Islamiyya daga Asabar zuwa Laraba. Saura Alhamis bayan an tashi daga boko, da awa guda ta motsa jiki da ke cikin jadawalin makaranta wadda a wurare da yawa ake bari ta wuce a zaune. Duk shugabar makarantar da ke son farawa, da waɗannan biyun za ta fara, bayan ta zauna da iyaye da limamin unguwa sun ga rigar da idonsu.