Furodusa Ɗaya, Kiɗa Uku: Mike Chapman da Haɗuwar Rok, Pank da Disko

A ƙarshen shekarun 1970, masu sauraren waƙa a Amurka da Ingila sun rabu gida uku, kuma ba sa ga maciji da juna. 'Yan rok suna tinƙaho da gwanintar kaɗa jita. 'Yan pank, waɗanda suka taso daga ƙananan gidajen wasa irin CBGB na Niyu Yok, suna ganin manyan taurarin rok sun ƙoshi sun manta da titi, don haka suka koma waƙoƙi gajeru masu ƙara da fushi. Su kuwa 'yan disko rawa ce a gabansu, kuma kiɗansu ya fito ne daga gidajen rawa na baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Duk da wannan gaba, tsakanin 1978 da 1979 an samu mutum ɗaya da ya ci kasuwa a dukkan gidajen uku. Sunansa Mike Chapman, furodusa ɗan Ostireliya, haifaffen 1947.

A Oktoban 1978 waƙar "Kiss You All Over" ta ƙungiyar Exile ta sauka daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, "Hot Child in the City" ta Nick Gilder ta hau, kuma dukkansu aikinsa ne. A Afrilun 1979 ya sake hawa da "Heart of Glass" ta Blondie, ƙungiyar da ta fito daga cikin 'yan pank amma ta yi waƙar disko. Kafin shekarar ta ƙare ya koma da "My Sharona" ta The Knack, rok zalla, ta yi mako shida a sama.

Dalilan da suka kawo haka

Dalili na farko shi ne inda Chapman ya koyi sana'a. A Landan ya yi suna a farkon shekarun 1970 tare da abokin aikinsa Nicky Chinn, suna rubuta wa wasu waƙoƙi: "Blockbuster" ta Sweet da "Can the Can" ta Suzi Quatro a 1973, sai "Tiger Feet" ta Mud a 1974, kowace ta zo ta ɗaya a Birtaniya. Wanda ya taso a irin wannan aiki ba ya ɗaukar wani salo a matsayin aƙida. Abin da yake nema shi ne waƙar minti uku mai amshin da zai kama kunne tun a jin farko. Idan an samu amshin, zaɓen kiɗan da za a ɗora shi a kai shawara ce ta biyu.

Na biyu kuɗi ne. Bayan fim ɗin Saturday Night Fever na 1977, disko ya mamaye rediyo da shagunan faifai. Tashar WKTU ta Niyu Yok ta koma disko zalla a 1978, cikin 'yan watanni ta wuce sauran tashoshin birnin, wasu tashoshin suka bi sahu. Kamfanonin faifai suka ga inda ruwa yake gangarawa. The Rolling Stones suka fitar da "Miss You" a 1978, Rod Stewart ya bi da "Da Ya Think I'm Sexy?", Kiss suka yi tasu a 1979. Pank kuwa ya cika jaridu da surutu amma bai sayar ba a Amurka. Blondie sun fitar da kundi biyu, an san su a Ingila da Ostireliya, a gida kuma ba su kai ko'ina ba. Kamfanin Chrysalis ya ɗauko Chapman ne domin ya gyara wannan.

Na uku kayan aiki. Zuwa lokacin, manyan sutudiyo suna da na'urar ɗaukar sauti mai layi 24, wadda ke ba da dama a ɗauki kowane kayan kiɗa shi kaɗai, a gyara, a haɗa daga baya. Wannan ya ɗauke iko daga hannun ƙungiyar da ke wasa tare ya miƙa shi ga mutumin da ke zaune bayan gilashi yana murɗa maɓallai.

Abin da ya faru a cikin sutudiyo

Labarin "Heart of Glass" ya nuna yadda dalilan nan uku suka haɗu. Debbie Harry da Chris Stein na Blondie sun rubuta waƙar tun kusan 1975, suna ta juya ta a salo daban-daban ba ta zauna ba. Da aka shiga sutudiyon Record Plant na Niyu Yok a tsakiyar 1978 domin kundin Parallel Lines, Chapman ya tambaye su ko akwai wata tsohuwar waƙa da suka ajiye, suka fito masa da ita.

Aka kunna ƙaramar na'urar ganga ta Roland CR-78, ita ce ake jin ƙyas-ƙyas ɗinta a farkon waƙar. Na'ura ba ta gaggawa, ba ta jinkiri, don haka dole kowa ya bi ta. Makaɗin gangar ƙungiyar, Clem Burke, mutum ne da ya saba dukan ganguna kamar yana faɗa da su. A nan sai aka sa shi ya ɗauki kiɗan gunduwa-gunduwa, babbar gangar ƙafa daban, sauran daban, ana maimaitawa har bugun ya zauna daram a kan na'urar. Mawaƙan da suka saba hawa dandamali su yi wasa yadda ya zo musu sun sha wuya a hannunsa, domin Chapman ba ya barin kuskure ya wuce. Sakamakon shi ne waƙar da ke da bugun gidan rawa, da sautin lantarki irin na Giorgio Moroder da Kraftwerk, da kuma muryar Harry mai sanyi da nuna ko-in-kula irin na 'yan pank.

Abin da ya biyo baya

Riba ta zo nan take. Waƙar ta zo ta ɗaya a Birtaniya da Amurka, kundin ya sayar da miliyoyin kwafi. Ƙofar da ta buɗe kuma ba ta rufe ba: Blondie suka yi "Call Me" da Moroder a 1980, suka dawo wurin Chapman suka yi "The Tide Is High", tsohuwar waƙar Jamaika, sannan "Rapture" a 1981, waƙa ta farko mai ɗauke da baitin rap da ta zo ta ɗaya a Amurka. Tsoffin abokansu na CBGB kuwa suka ce sun sayar da kansu.

Fushin 'yan rok ya fi haka zafi. Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park a Shikago, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, wanda ya rasa aikinsa bayan tasharsa ta koma disko, ya jagoranci tarwatsa tarin faifan disko da nakiya. Dubban matasa suka afka cikin fili, har aka fasa wasa na biyu da aka shirya yi a filin a ranar. Cinikin faifai ma ya faɗi a shekarar, kamfanoni suka ɗora wa disko laifi suka fara janye jiki. Makonni kaɗan bayan haka "My Sharona" ta hau sama, jaridu suka yi ta murna rok ya dawo. Mutumin da ya kai 'yan pank gidan rawa a Afrilu shi ne ya ba maƙiyan disko waƙar nasararsu a Agusta.

Auna riba da hasara

Ta fuskar sauti, furodusoshi irin Chapman ne suka yi nasara. Bugun disko bai mutu ba, suna kawai ya sauya. Bob Ezrin ya sa shi a "Another Brick in the Wall" kashi na biyu ta Pink Floyd a 1979. Quincy Jones ya yi akasin haka da ya kawo jitar Eddie Van Halen cikin "Beat It" ta Michael Jackson. Nile Rodgers na ƙungiyar Chic ya shirya wa David Bowie kundin Let's Dance a 1983. Kiɗan shekarun 1980 kusan duka a kan wannan gaurayen ya ginu.

Sai dai ba kowa ya ci moriyar daidai ba. Da kasuwa ta juya wa disko baya, ƙungiyoyin fararen fata da suka ari bugunsa suka ci gaba da shiga rediyo da sunan sabon salo, yayin da mawaƙa baƙar fata da suka ƙirƙiro shi suka ga tashoshi suna rufe musu ƙofa. Chic, da suka zo na ɗaya da "Good Times" a Agustan 1979, ba su sake samun irin wannan nasara da sunansu ba, sai da Rodgers ya koma yi wa wasu aiki sannan ya farfaɗo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su ma ƙungiyoyin sun biya farashi. The Knack sun dushe cikin shekara biyu, Blondie sun watse a 1982 bayan kundin The Hunter ya gaza. Chapman ya ci gaba da rubuta waƙoƙi, ciki har da "The Best" da ya yi tare da Holly Knight, wadda Tina Turner ta shahara da ita a 1989. Tun daga wancan zamani, kamfanin da ke neman waƙar da za ta ci kasuwa yakan fara da tambayar wane furodusa zai ɗauka, kuma yau a kiɗan zamani sunan furodusa yana sayar da waƙa kamar yadda sunan mawaƙi yake yi.