Lambar Bugu da Alamar Iyawa: Misali Daga Rubutun Ajami

Ɗalibin harshe ya san ma'anar bugu na ɗaya da bugu na biyu a littafi. Haka manhajar kwamfuta take, kowane sabon bugu yana da lambarsa. Abin da za mu duba shi ne yadda manhaja ɗaya take gane abin da wata za ta iya yi idan sun haɗu a mahaɗar manhaja, wato ƙa'idojin da suke magana da juna da su. Hanyoyin biyu ne. Ko dai ta tambayi lambar bugu ta yi hasashe, ko kuwa ta tambayi abin da take bukata kai tsaye, a amsa mata da i ko a'a. Wannan amsar ita muke kira alamar iyawa.

Mu ɗauki Gadarif a gabashin Sudan, inda akwai Hausawa da yawa, jikokin mahajjata da masu hijira. Da Larabci ake karatu a makarantunsu, saboda haka wanda zai rubuta Hausa a waya ya fi sabo da haruffan Larabci. To, amma Hausa tana da sautuka irin su /ɓ/ da /ƙw/ waɗanda Larabci ba shi da su. Unicode, wato kundin da ke bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya riƙa shigar da haruffan ajami ne kaɗan-kaɗan: wasu a bugu na 4.1 a 2005, wasu na rubutun Warsh a bugu na 9.0 a 2016, sannan wasu na Hausa da Wolof a bugu na 13.0 a 2020.

Mai tsara manhajar koyar da ajami zai iya cewa duk wayar da ta fito bayan 2020 za ta nuna harafin. A nan kuskuren yake. Lambar bugu tana gaya mana lokacin da aka yarda da harafi ne kawai. Ba ta ce kamfanin da ya ƙera wayar ya sa siffarsa a ciki ba. Idan babu siffar, sai ɗalibi ya ga ɗan akwati wayam a tsakiyar kalma, kuma mai koyon karatu ba shi da hanyar cike gurbin.

Shi ya sa Android ya tanadi umarnin hasGlyph. Manhaja takan miƙa masa harafi ta ce, akwai siffarsa? Idan babu, sai ta ɗauko siffar da ta zo da ita a cikinta.

Hasashe da lamba yakan jawo abin dariya ma. A 2009, da burauzar Opera ta kai bugu na 10, sai ta riƙa gabatar da kanta da 9.80, domin wasu shafukan intanet adadin farko kaɗai suke karantawa, suna ɗaukar 10 a matsayin 1.

A ganina alamar iyawa ta fi dacewa da harsuna irin namu, waɗanda kamfanoni sukan tuna da su a makare. Sai dai ba ta kori lamba ba. Shi kansa hasGlyph bai samu ba sai a Android 6.0 a 2015, don haka manhajar da ke son aiki a wayar da ta girme shi dole ta fara duba lambar bugu kafin ta san ko za ta iya yin tambayar.