Abin da filin kokawa yake koya wa matashi

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa ta farko a Jamhuriyar Nijar, a garin Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. A yau kowace daga cikin jihohi 8 tana turo 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, a yi ta kayar da juna har a samu sarki. A 'yan shekarun nan Isaka Isaka na Doso ya sha ɗaukar takobin.

Jama'a sarki suke kallo, amma ni hankalina ya fi tafiya kan sauran. Takobi ɗaya ne, don haka kusan duk wanda ya shiga fili ya san zai sha ƙasa, kuma a bainar jama'a, ga makaɗa, ga rediyo da talabijin suna kai labarin har ƙauyensu. Duk da haka yakan tashi ya kakkaɓe yashi, sau da yawa ma wanda ya kayar da shi ne zai miƙa masa hannu ya ɗaga shi, su rungumi juna. Baɗi kuma ya dawo. Saurayin da ya saba da wannan ya koyi abin da wasu manya masu furfura ba su iya ba, wato a fi ka a gaban mutane kuma ka riƙe mutuncinka, ba tare da ka ƙullaci kowa ba.

Shi ma mai nasara da nasa darasin, kuma ya fi wuya. Yana da ƙarfin da zai iya karya abokin karawarsa, amma da zarar alƙali ya busa, dole ya saki. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana, wani shahararren mai ƙarfi na Makka, ya kayar da shi. Shi ne kuma ya karantar, a hadisin da Buhari da Muslim suka fitar, cewa ainihin ƙarfi yana wajen mallakar zuciya lokacin fushi, fiye da iya kayar da maza. Ina ganin fili yana daga cikin wuraren da ake koyon wannan a aikace, domin a nan ne jini yake tafasa, kuma a nan ne doka take tilasta wa mutum ya tsaya.

Dambe ma haka yake, duk da zafinsa. Wasa ne da aka fi sanin mahauta da shi, ana yinsa da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗayan garkuwa, ana yin turmi uku, wanda ya taɓa ƙasa an yi masa kisa. Siffar yaƙi ce aka ɗauko aka yi mata iyaka, yadda samari za su gwada jarumta kowa ya koma gida da ransa. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, a irin wannan fage ya yi suna. Ba na rufe ido kan aibin da ya shiga harkar: caca, shaye-shaye, da raunukan kai da ake barinsu babu likita. Waɗannan gyara suke so, kuma gyaransu ya fi sauƙi a kan raina wasan gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da jiki da kansa yake koyarwa. Tsoka tana ƙaruwa ne idan an ɗora mata abin da ya ɗan fi ƙarfinta, sannan aka ba ta abinci da hutu ta gyara kanta. Ba a sayen numfashin da zai kai mutum ƙarshen karawa, ba a kuma aronsa. Ɗan attajiri da ɗan talaka duk sai sun yi sammako sun yi gudu, kuma wanda ya yi ha'inci a atisaye, fili zai tona shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yaron da ya ga da idonsa cewa abin da ya gagare shi wata uku baya yau yana yinsa cikin sauƙi, zai tunkari hadda ko koyon sana'a da wata zuciya daban.

Abin da yake damuna shi ne yadda muka mayar da motsa jiki maganar asibiti kawai. Sai likita ya ce wa mutum yana da hawan jini ko ciwon suga, sannan ya sayi takalmin gudu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya gaskiya ce, cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kuma ƙididdigarta ta nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba su kai wannan ba a 2022. Sai dai wanda yake tattaki shi kaɗai da asuba lafiya yake nema, zai kuma samu. Tarbiyyar da nake magana a kai tana buƙatar abokin karawa, da doka, da idon jama'a.

Da can dandali yana ba da wannan kyauta: samari suna langa da kokawa a farin wata, 'yan mata suna gaɗa. Yanzu makarantu masu zaman kansu da yawa a biranenmu gidajen haya ne da babu inda yaro zai yi tsalle, filayen unguwa kuma an yanka su an yi shaguna. Kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya, amma da wuya ka ga firamaren da take koyar da su. Alhali ba sa cin kuɗi. Tifa biyu ta yashi da malami ɗaya da ya san doka sun isa a fara, idan hukumomin ilimi za su daina ba da lasisi ga makarantar da ba ta da fili.