Amsa-Kuwwa A Tudu Da Teku: Gargaɗi Ga Masu Awo Da Waya

Duk wanda ya taɓa ɗaga murya a gindin duwatsun Ruma ya san amsa-kuwwa: kira ɗaya ya fita, ya komo biyu. To, ka sani, ya mai karatu, abin da ke samun murya shi ke samun saƙon da ke nuna wa wayarka inda kake.

Asalin al'amarin, a 1995 Amurka ta kammala tsarin GPS da taurarin ɗan'adam 24, masu kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200. Kowanne yana aiko da saƙo ɗauke da lokacin fitowarsa. Waya takan saurari huɗu ko fiye, ta lissafa daɗewar kowane saƙo a hanya, sa'an nan ta fid da matsayinta. Gudun saƙon kilomita 300,000 ne a sakan, watau jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan kuskuren mita 300 ke nan.

A tudu, idan saƙo ya bugi dutse ko rufin kwano, sai ya karkato ya iso a makare, waya kuwa ta zaci tauraron ya fi haka nisa. A fili fetal kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba, amma a jikin dutse ko tsakanin benaye yakan ninka.

A teku babu dutse, sai dai ruwa kwantacce madubi ne, musamman ga tauraron da ya sunkuyo kusa da gefen sama. Haka fuskar madatsar Zobe take. In teku ta harzuƙa, igiyar ruwa takan warwatsa saƙon. Da wannan ne masana suka mai da cuta magani: a 2016 hukumar NASA ta harba ƙananan taurari 8 masu auna ƙarfin iskar teku daga saƙon da ya komo.

Saboda haka, ya mutanen Darini da sauran ƙasar Batsari da Safana, mai sayen gona da mai rabon gado, kada ku kafa iyaka bisa faɗar waya kaɗai. Mita 5 ta isa raba 'yan'uwa. Ku nisanci dutse da kwano, ku maimaita awo a lokuta dabam-dabam, ku kira safiyo da dattawan da suka san shaidar iyaka. Gani ya kori ji. Wasalam.