Tambayar da kwamfuta ke yi kafin ta buɗe ƙofa

Duk mai aiki da kwamfuta ya san wannan lamari: fuskar na'urar ta dusashe, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko mun yarda wata manhaja ta yi sauye-sauye a cikinta. Da yawanmu mukan danna amincewa ba tare da mun karanta ba, alhali kuwa wannan tambaya ce ke tsare ƙofar na'urar.

Kwamfuta tana raba masu amfani da ita gida biyu. Akwai mai cikakken iko, wanda zai iya saka manhaja ko taɓa tsarin na'urar, akwai kuma mai ƙaramin iko, wanda aikinsa ya tsaya ga rubutu, buga takardu da shiga intanet. Abin lura shi ne, duk manhajar da mutum ya buɗe tana aiki ne da ikonsa. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, akasarin mutane da cikakken iko suke aiki kullum, don haka ƙwayar cuta da zarar ta shigo sai ta gaji wannan iko, ta bazu ko'ina.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tambaya ne a Windows Vista a 2007. Jama'a suka yi ta ƙorafi cewa ta cika damu, sai a Windows 7, a 2009, aka rage yawanta, aka kuma ba mutum matakai 4 ya zaɓa. Linux da kwamfutocin Apple su ma kalmar sirri suke nema kafin irin wannan aiki.

Shawararmu ga ofisoshi, makarantu da shagunan intanet, inda hannu da yawa ke taɓa na'ura guda, ita ce a buɗe wa kowa asusu mai ƙaramin iko, kalmar sirrin mai cikakken iko kuwa ta tsaya wurin mutum ɗaya. Idan akwatin ya fito ba mu muka kira shi ba, ko ya nuna ba a san kamfanin da ya yi manhajar ba, mu ƙi amincewa.

Sai dai mu sani, manhajar da ke kulle takardun mutum don neman kuɗin fansa tana iya yin ɓarna ko da ƙaramin iko. Saboda haka mu riƙa ajiye kwafin muhimman takardunmu a wani wuri dabam, domin rigakafi ya fi magani.