Allurar Jijjiga da Kasafin Kuɗin Gwamnati

Idan aka kawo mai juna biyu ɗakin haihuwa tana jijjiga, wato abin da wasu ke kira taune-taune, allurar da likita zai fara nema ita ce maganeziyam salfet. Maganin tsoho ne, kuma mai araha. Amma an daɗe likitoci suna gardama a kansa, wasu ƙasashe ma ba sa amfani da shi.

Bincike ne ya raba gardamar. Na farko ya fito a 1995, ya nuna cewa allurar ta fi sauran magunguna hana jijjiga dawowa. Na biyu, mai suna Magpie, ya fito a 2002. An gudanar da shi a kan mata fiye da 10,000 masu hawan jinin ciki a ƙasashe 33, aka ga allurar ta rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

To, wa ya biya? Kamfanin magani ba zai zuba miliyoyi a kan maganin da ba shi da riba ba. Yawancin kuɗin Magpie daga baitulmalin Birtaniya ya fito, ta hannun Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar. Harajin mutanen can ya iso har Kano: da aka fara amfani da allurar a asibitocin gwamnati 10 na jihar a 2008, mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga wajen kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.

Sai dai kuɗin bincike na cikin waɗanda ake saurin taɓawa idan aljihun gwamnati ya matsu, domin amfaninsa ba ya fitowa kafin zaɓe. A 2013 dokar ƙayyade kashe kuɗi ta zaftare wa hukumar binciken lafiya ta Amurka kusan kashi 5 cikin 100, ɗaruruwan ayyukan bincike suka rasa tallafi. A nan gida kuwa, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, balle a yi maganar bincike.

Allurar dai ba ta bin mace gida. A riƙa zuwa awo ana duba jini da fitsari. Maigida, idan uwargida ta yi kukan matsanancin ciwon kai, ko dishi-dishin gani, ko fuska da hannuwa suka kumbura, a kawo ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.