Dokokin Besbol Masu Rikita 'Yan Kallo a Watan Oktoba

Duk shekara idan Oktoba ya kama, hankalin masu son wasanni a Amurka kan koma kan besbol. Ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB sun gama wasa 162 kowacce, an tace 12, su ne za su fafata har a kai ga World Series, wadda aka fara tun 1903. Ba sili ɗaya ƙwale ake yi ba. A matakin farko wanda ya ci biyu cikin uku shi ke wucewa, sai uku cikin biyar, sannan huɗu cikin bakwai a matakai biyu na ƙarshe. A wannan lokaci ne dokokin da ba kasafai ake tunawa da su ba suke yanke makomar shekara guda, har ka ga tsofaffin magoya baya suna tambayar juna me ya faru.

Tushen wasan ba shi da wuya. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya doke ta ya ruga, yana bin tashoshi uku har ya dawo gida, maki ɗaya ke nan. Masu tsaron fili aikinsu su fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Haka za a yi sau tara.

Abin da ya kamata mai kallo ya riƙe shi ne, yawancin dokokin da ke kama da son kai an kafa su ne don toshe wata dabara. Idan ka gano dabarar, ka gane dokar.

Babban misali shi ne dokar ƙwallon da ta cilla sama, wadda ke nan tun 1895. Idan ƙwallo ta taɓa ƙasa, dole mai kulki ya tafi tasha ta farko, dole wanda ke can ya matsa gaba, na gabansa ma haka. Idan kuwa aka cafke ta a sama, mai kulki ya fita, kuma dole kowa ya koma tasharsa. To, a ce akwai mutum a tasha ta farko da ta biyu, ƙwallo ta tashi sama a kan mai tsaro. Su tsaya, ya bar ta ta faɗi da gangan, ya ɗauka ya fitar da biyu a lokaci guda. Su ruga, ya cafke ya jefa inda suka baro. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa doka ta ce, muddin ba a kai ga fitar da mutum biyu ba, kuma mai tsaron cikin fili zai iya kama ƙwallon ba tare da wahala ba, alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya fitar da mai kulki nan take, ko an cafke ko ba a cafke ba. An sadaukar da mutum ɗaya don a tsare biyu.

Wannan doka ce ta tayar da ƙura a Atlanta ranar 5 ga Oktoba, 2012, a wasan da Braves ta yi da St. Louis Cardinals, lokacin da matakin farko wasa ɗaya ne tak. Ana cin Braves 6 da 3 a zagaye na takwas, tana da mutum biyu a tasha, Andrelton Simmons na Braves ya cilla ƙwallo ta faɗi can nesa tsakanin masu tsaron Cardinals, Pete Kozma da Matt Holliday. 'Yan kallo na murna, ashe alƙali Sam Holbrook ya riga ya ɗaga hannu. Aka yi ta jifa da kwalabe cikin fili, wasa ya tsaya minti 19, kuma Braves ba ta farfaɗo ba. Hujjar masu kare alƙalin ita ce dokar ba ta auna nisan inda ƙwallo ta faɗi, sauƙin kamawa take dubawa. A ganina harafin doka ya ba shi gaskiya, amma manufarta ba ta ba shi ba. Daga wannan nisa da wuya a fitar da mutum biyu, don haka dokar da aka yi domin kare masu gudu ita ce ta cuce su.

Akwai ƙanwarta. Mai kulki ya yi kuskure uku ya fita, kowa ya san wannan. Sai dai idan mai cafka da ke tsugune a bayansa bai kama jifa ta uku ba kafin ta taɓa ƙasa, mai kulki yana da damar rugawa tasha ta farko. Damar tana aiki ne kawai idan babu kowa a tashar, ko kuma an riga an fitar da biyu, domin kada mai cafka ya yar da ƙwallo da gangan ya yi waccan dabara. A 2005, A.J. Pierzynski na Chicago White Sox ya ruga a zagaye na tara yayin da abokan karawarsu 'yan Angels ke barin fili suna zaton an gama. Alƙali Doug Eddings ya bar shi, White Sox ta ci wasan 2 da 1, ta kuma je ta ɗauki kofinta na farko tun 1917.

Tare hanya kuwa ba ya buƙatar niyya. Mai tsaron da ba ya riƙe da ƙwallo, ba ya kuma ƙoƙarin kama ta, ba shi da ikon shiga gaban mai gudu. A wasa na uku na World Series ta 2013, Allen Craig na Cardinals ya yi tuntuɓe da ƙafafun Will Middlebrooks na Boston da ke kwance, aka ba Cardinals makin nasara, 5 da 4.

Sai batun kunnen doki. Tun 2020, a wasannin kaka ana ajiye mutum a tasha ta biyu kyauta a kowane ƙarin zagaye don a gama da wuri. A Oktoba babu wannan rangwame, sai an ci da gumi. Wasa na uku na World Series ta 2018 tsakanin Dodgers da Red Sox ya kai zagaye 18, awa bakwai da minti 20. Da yake wasannin ƙarshe kan fara wajen ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar, mai bibiyar irin wannan daga Kano ko Zinder sai bayan hantsi ya fara zai ga wanda ya ci.